Barewar da Dombu Ya Ƙi Ƙona Wa Daji

Mijin yayata, Gemmeli Dombu, bai taɓa shan gahawa ya haɗiye ba. Wai ɗaci gare ta kamar maɗaci. Amma je ka gonarsa a bayan ƙauyenmu, a kwarin Araku, ka taɓa masa ganye ɗaya, ka ga yadda ido ke ja.

Da ƙuruciyarsa ba wanda ya kai shi iya sa wa dutse wuta. A sare, a ƙone, a watsa tamba a cikin toka, bayan ƴan shekaru a matsa gaba. Haka iyayenmu suka yi. Sai dai mutane sun yi yawa, dutsen kuwa bai ƙaru ba. Ya zama sanƙo, ruwa ya wanke ƙasar, samari suka tafi birni ɗaukar bulo.

Da aka zo da maganar gahawa, Dombu ne ya fi kowa tsaki. Daga baya kuma shi ya fi kowa haƙa rami. Ya fara da itatuwan inuwa, ya bi da gahawa a ƙarƙashi, ya ɗora masoro yana hawan itatuwan. Yayata Sukri takan ce tun da ya fara dashe ta zama bazawara mai miji. Da kuɗin gahawar nan ɗansu Somra ya dawo gida.

To, duk shekara lokacin zafi muna bikin farauta. Mu mata mu kora maza daji, in sun dawo hannu wofi mu tare su a bakin gari da ruwan kashin shanu. Shekara da shekaru ko zomo ba sa kawowa, mu kuwa hannunmu ya faɗa. Ni dai tulun Dombu daban nake dama shi, da kauri. Ƙanwar mata ce ni, wa zai hana ni?

Bara, Somra ya ba ni labari, suna cikin yawo sai ga barewa. Ta yi tsalle ta faɗa gonar Dombu, ta lafe. Maza suka rikice. Tsoho Killo Budra har ya ciro ashana.

"Busassun ganyen gefe kawai, Dombu. Hayaƙi zai fito da ita."

"Kawu, wuta ta taɓa jin ka ce mata tsaya nan?"

"Kai da ka ƙone rabin dutsen nan kake faɗa mini? Ka tuna matan can suna jira da tuluna."

"Ai na saba da wankan. Mayar da ashanarka."

Ya tsaya a bakin gonar, bakansa a kafaɗa, har suka gaji da zagi suka juyo.

Muka tare su da waƙar habaici. Na ɗaga tuluna na ce, "Yaya Dombu, ina naman? Ko ka ba gahawar ta ci?"

Bai gudu ba yadda ya saba. Ya ajiye baka, ya buɗe hannuwa yana murmushi.

"Zuba, yarinya. Da can muna dawowa haka ne don ba komai a dajin. Yau akwai, bari muka yi."

Na zuba masa mana. Al'ada al'ada ce, kuma na sha wahalar damawa. Amma gaskiya daɗi ya kama ni.

Da yamma ina wanke tulu, sai na jiyo su a bayan ɗaki, Sukri tana zuba masa ruwan ɗumi tana mita.

"Baban Somra, duƙa mana, warinka zai kashe ni." Sai ta rage murya. "Da gaske barewa ce? Rabona da ita tun ina budurwa."

"Da ɗanta ma."

Sai ta ce, "Gobe da sassafe ka kai ni in gani."