Baba Ayuba da Giginyar Hamada

Ina cikin aji a Gwantu direban lori ya leƙo ya ce in haɗa kaya, Baba Ayuba ya rasu a asibitin Kafanchan. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni, kuma shi ke kula da harabar cocinmu.

Mutum ne mai ƙarancin magana, sai dai in an taɓo giginyarsa. Wani Baturen mishan ne ya bar masa ita a gwangwani, ya ce daga hamadar ƙasarsu take. Ganyenta kamar mafici, da fararen zare a gefe, ƙaya a hannuwan ganyen. Rana take so, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, mu kuwa damina a nan ba ta wasa. Baba ya kwaso yashi da tsakuwa, ya yi tudu, ya dasa ta a kai. Yakan ce, "Wannan itace ba mangoro ba ne. Kai ɗaya yake da shi, in ya ruɓe shi ke nan." Ranar Lahadin ganyen dabino kujera yake kafawa a gindinta, ko fasto bai isa ya yanki reshe ba. Mukan zolaye shi cewa ya fi sonta da mu. Ba ya musu.

Da ciwo ya kwantar da shi, matan zumuntar coci suka so su faranta masa. Suka baje tudun, suka yi mata kwari, suka zuba taki, suna ba ta ruwa a tsakiyar damina. Da ƙauna suka yi duk wannan. Da na iso na ja sabon tohon da ke tsakiyarta, ya zaro a hannuna, yana wari.

Mama Rifkatu, matarsa, ta ce kullum a asibiti sai ya tambayi itacen, ita kuma ta ce lafiya lau. "Ni na ɗebo ruwan farko, ɗana," in ji ta. "Na gani yana yin rawaya. Ban iya gaya masa ba." Na yi kuka, kuma ba don Baba kaɗai ba.

Ubangiji ya ji ƙansa, ya ba shi hutu a wurin Yesu. Ya ta'azantar da 'ya'yansa. Mama kuwa, wadda har yau take zagayawa ta bayan coci don kada ta bi ta wurin, Allah ya sauke mata wannan nauyi. Amin.