Jarkar da Muka Zuba wa Yaya Sada Magani

Shekara tara ke nan da aka kai yayana Sada makwancinsa a ƙauyenmu da ke gefen Sandamu, lokacin gero ya fara fitar da kai. Shekara tara kuma ke nan mahaifiyarmu, Inna, tana riƙe da ni a zuciya, tana ganin ni ce na hana ɗanta warkewa. Ba ta taɓa zagina ba. Tana amsa gaisuwata, tana cin tuwon da na kai mata, amma tun daga shekarar ba ta sake dariya da ni ba. Inna ba ta karanta jarida, shi ya sa na kawo maganar nan. Duk ɗan garinmu da ya gane gidan da nake nufi, don girman Allah ya bar ta a cikinsa.

Feshi ne sana'ar Yaya Sada. Da an yi shuka sai manoma su riƙa layi a ƙofar gidanmu, wannan maganin ciyawa yake so, wancan na ƙwarin wake. Ya goya famfo a baya, ƙafa ba takalmi, ya bi gona kunya-kunya har rana ta take. In bakin famfon ya toshe sai ya cire ya hura da bakinsa, ya tofar, ya ci gaba. In na yi masa faɗa ya ce, "Ke Binta, kin cika tsoro. Ai in na dawo zan sha nono, shi ke wanke ciki." Haka duk masu feshin yankinmu suka yi imani. Kuma wa zai yi gardama da mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya aza a kan amalanke?

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Gajiya ce ta fara, irin wadda barci ba ya kore ta. Sai hannu ya soma rawa. Sai muka ga yana ƙara ɗaure tazugen wando, cinyoyin nan sun zube, damatsan sun koma fata da ƙashi. Ranar da buta ta suɓuce masa yana alwala, ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani, ni dai na shige ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Daga baya ko salla sai a zaune.

Inna ta ɗaura ɗamara. Ta san itatuwa, a wajen kakarmu ta koya, kuma mata da yawa sun tashi da jiƙonta bayan doguwar jinya. Ta haɗa ganyen zogale da sabara da sassaƙen maɗaci, ta dafa a tukunyar ƙasa, ta tace. Sai ta ce in samo abin zubawa mai murfi, wanda zai ajiye kusa da shimfiɗarsa ƙuda bai faɗa ba.

Me ya fi yawa a gidan mai feshi? Jarkokin magani da suka ƙare, farare, masu ƙwari, murfi gam. A ƙauyenmu ba a jefar da su. Maƙwabta har roƙonsu suke yi, a zuba man gyaɗa, a zuba kunun kai wa gona. Ƙa'idar da kowace mace ta sani ita ce wankin toka sau uku da ruwan zafi, sannan a kife a rana yini guda. Ni na zaɓi jarkar, ni na wanke ta. Wallahi har sau huɗu na yi, don na yayana ne. Inna kuma kullum da zafinsa take ɗura maganin, ta ce in ya huce a waje ƙarfinsa na fita da tururi. Ɗacin maɗaci ya rufe duk wani wari. Wata biyu yana sha, safe da yamma, yana ɓata fuska yana cewa, "Inna, wannan ko bai warkar ba ai ya hukunta."

Maimakon sauƙi sai amai, sai yawu na zuba, sai ido ya fara dishi-dishi. Muka ɗauke shi zuwa asibiti a Daura, ni da shi, Inna ta tsaya gida da matarsa mai jego. Na tafi da jarkar a cikin kwando don kada ya rasa shan na yamma. Malamin asibitin da ya duba shi, wani dattijo mai sanyin magana, ya hango ta. Ya buɗe, ya shinshina, ya juya ta ya ga ragowar takardar da ban iya kankarewa ba. Ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa, har da alfaharin wankin toka.

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce gubar tana shiga jikin robar ne, toka ba ta kai wurin, kuma abu mai zafi janyo ta yake yi. Ya ce ba zai rantse wannan kaɗai ne ba, don shekarun feshi sun riga sun yi ɓarnarsu. Amma a dakatar da duk wani jiƙo, ko a ƙwarya aka zuba, saboda cikinsa ya gaji. Da ya fita, Yaya Sada ya kamo gefen mayafina da hannun nan mara ƙarfi. Ya ce, "Binta, kada Inna ta ji. In ta san da hannunta ta ɗura mini, ba za ta kai baɗi ba." Na ce ai ni na wanke jarkar. Ya ce, "Ni na kawo ta gidan. Ki yi shiru kawai."

Muna komawa na zubar da maganin a rami bayan gida, na fasa jarkar, na binne. Inna ta fito ta same ni. Na ce likita ne ya hana. Ta dube ni ta ce, "Kin yi boko, yanzu hannuna ya zama ƙazanta ko?" Da ta sake dafa wani a ɓoye, na sake zubarwa. Yaya Sada bai yi wata biyu ba bayan haka ya cika.

Kwanakin baya na ji a rediyo ana cewa masana na gwada sinadaran da ke cikin tsirrai, ko za su iya maido da tsoka da ƙarfi ga waɗanda guba ta lalata wa jiki. Na ajiye tsintsiya na zauna. Da Yaya Sada na nan na san dariya zai yi, ya ce ashe Inna ta riga masu farar riga. Ni ban yi dariya ba. Ban sani ba ko jiƙon Inna zai tashe shi, ko ba zai tashe shi ba. Abin da ke cina shi ne ba mu taɓa ba shi maganin da tsabtarsa ba, ko sau ɗaya.

Me kuma zai ce da ya ga yau? Shagunan maganin feshi sun fi na da yawa. Ranar kasuwa za ka ga jarkokin nan jere a kan tabarma ana ciniki. Masu feshi har gobe suna hura bakin famfo, suna neman nono. Ni dai duk gidan da na shiga na ga irin jarkar nan a madafa, sai na nemi wuƙa na huda ta, in matar gidan ta so ta yi fushi. Har suna sun sa mini, wai Binta mai fasa jarka, wasu na cewa rasuwar ce ta taɓa ni. Oho dai.

Abin da ya rage mini na Yaya Sada ke nan. Famfonsa ya ruɓe, gonarsa ta koma hannun haya, 'yarsa ba ta san fuskarsa ba. Amma mutum ne da ba ya iya riƙe buta, ya tashi ya kare uwarsa, kuma har yau kariyar tana aiki, ni ce nake biyan ta.

Makon jiya wata maƙwabciya ta zo wajen Inna, mijinta mai feshi ya fara ramewa. Inna, da idonta da ya raunana, ta lallaɓa ta dafa masa magani. Na karɓi tukunyar na juye a sabon tulu, na ce wa matar su fara zuwa asibiti, kuma ko da wasa kada ta mayar da shi cikin roba. Inna tana jin mu. Da matar ta fita ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Har yanzu dai ba ki yarda da hannuna ba, Binta."

Maganar ta zo mini har baki. Na haɗiye ta, na ce, "Ki yafe mini, Inna."

Ta ce, "Allah Ya yafe mana." Ba ta ce ta yafe ba.