Murfin Tukunyar da Anka Ba Ɗiyata

Jiya wurin suna a Garu, yara sun zagaye kwanon shinkafa, sai yayar mijina ta janye ɗiyata Hadiza daga cikinsu, ta zuba mata nata daban a murfin tukunya.

Laifinta ƴan ƙurajen nan na damtsenta, masu kama da fatar kaza in an fige ta. Ba su ƙaiƙayi, ba su ciwo.

Na ce, "Yaya, mi ta yi?"

Ta ce, "Ƙazwa gare ta. Kada ta shafa ma ɗiyan mutane."

Na ce, "Likita ya duba ta a Malanbil. Ba ƙazwa ba ce, kuma ba a ɗauka. Ƙofofin gashi ne ke toshewa. Ya ce a bar gurza su da soso, a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, a shafa man kaɗe. Ya ce galibi ma gado ne."

Ta taɓe baki, ta miƙa hannu ɗaukar ludayi, hannun rigarta ya zame. Ƙurajen nan ne cike da damtsenta, iri ɗaya sak. Ta ga na gani. Ta ja riga ta rufe, ta ci gaba da rabon abinci.

Hadiza ko loma ba ta kai ba. Bisa kabu-kabu muna komawa gida ta ce, "Inna, in na yi wanka sosai, za su bar ni in ci da su?"

Man kaɗe yana gyara fata. Ku gaya mini mi zan shafa ma wannan tambayar.