Jini a Farin Goro

Gidanmu a Zongon Wagadugu gidan goro ne tun kakanni. Babanmu bai taɓa sayen huhu ba sai ya ɓare ɗaya ya gatsa, ni ma haka na gada. Ido na iya ruɗinka, haƙori kuwa ba ya ƙarya. In goro ya ce ƙaras, saya; in ya yi taushi, bar musu kayansu. Haƙoran gabana su ne jarina.

Matsalar ita ce bakinmu ja ne kullum. Shekara da shekaru dasashina na zubar da jini, in tofar in ga ja, in ce goro ne. Sai ranar da aka sauke farin goro a unguwar Tiendpalogo. Na gatsa, na duba, sai ga jini ja wur a jikinsa, haƙorina ɗaya kuma yana rawa. Inna lillahi! Idan wannan haƙori ya fita, da me zan gane kaya?

Yayata ta ce kada in kuskura in je wurin likita. "Da inji suke kankarewa, su bar ki da giɓi. Ga kanwa, ga gishiri, ki dirza!" Na dirza sati biyu ina hawaye, dasashi ya kumbura suntum. Haushi ya kama ni, na hau moto, wato babur, sai asibitin haƙori na unguwar Paspanga.

Likitar haƙorin mace ce, tana haɗa Mosanci da Faransanci. Ta kwantar da ni, inji ya kama zuuu a bakina. Da ta gama ta nuna mini abin da ta cire: datti ya daskare kamar tsakuwa. Na duba madubi, sai ga 'yan ƙofofi tsakanin haƙorana.

"Shi ke nan, kin kashe ni! Yayata ta faɗa!"

Ta yi dariya. Ta ce ƙofofin sun daɗe, dattin ne ya toshe su yana cin dasashi ta ƙasa. Ta ce buroshi safe da dare, a tsaftace tsakanin haƙora, asuwaki a hankali, kanwa kuma a bar ta a miya. Gatsar goro babu sai ta sake ganina.

Wayyo, sati shida ina yanka goro da wuƙa kamar tsohuwa! 'Yan kasuwa suka samu abin tsokana: "Hajiya, a daka miki a turmi?" Na ce Allah ya kai mu.

Ranar da na koma, ta taɓa haƙorin, ta ce ya kama, amma in dawo bayan wata shida. Ko gida ban biya ba. Na nufi wurin dillali, na zaɓi fari tas, na yi bismilla na gatsa. Ƙaras! Na duba: fari, fari sol! Wallahi guɗa na rangaɗa a tsakiyar kasuwa, mutane suka zaci aure aka ɗaura.

Na kai wa yayata guda. "Yaya, gatsa mu gani."

Ta gatsa, ta duba, sai ga jini a jikin goron. Can ta jawo mayafinta ta ce, "Moton naki da mai kuwa?"