Filin Bayan Kwata

Har yau in na ji an ce mani "madalla, aiki ya yi kyau", sai zuciyata ta tashi.

Shekarar da na dawo daga karatu na haɗa wata manhaja ta waya, saboda wahalar ranar Talata a kasuwar Mafara. Motocin Bakura da na Maradun kan cika titi, direba ya yi ta zagaye da kaya yana neman inda zai yi fakin har rana ta take. Na ɗauko hoton garin daga sama, na zana duk wani fili da na ga mota za ta iya tsayawa. Na san hoto ba ya nuna komai da komai, shi ya sa na kai wa direbobin tasha. Na ce kowa ya je filin da kansa ya duba, in yana da kyau ya danna kore, in ba shi da kyau ya danna ja.

Suka karɓa hannu bibbiyu, suka yi ta sa mani albarka. Da sakamako ya zo, kore ne daga sama har ƙasa, ko ja ɗaya babu. Na yi ta murna abina.

Wanda ya fara gwadawa da kaya na gaske kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Tumatir yake nomawa da rani a Bakura, kuma a wannan Talatar ya tsinke gonar kaf, ya loda wa a-kori-kura, don 'yan kudu suna saye kuma da azahar motarsu za ta tashi. Abin da zai ci da iyalinsa har damina ke nan. Ina gaba kusa da direba, waya a hannu. Bakin kasuwa ya cushe, manhaja ta nuna babban fili bayan kwata, inda mahauta ke yanka. Direban baƙo ne, ɗan Faru, bai san garin ba. Ya bi abin da na ce.

Daga nesa fili ne busasshe. Muna hawa sai ƙasa ta fashe, ƙafafun baya suka nutse, motar ta karkace. Ashe nan mahauta ke zubar da kashin tumbi da jini shekara da shekaru, rana ta busar da samansa kawai. Wani kore-koren ruwa ya ɓullo da tsutsotsi, ƙudaje suka taso suka rufe gilashi. Warin kuwa, sai da na yi amai ta taga. Kwandunan gefe suka zame suka kife ciki.

Mutane suka taru, har da direbobin da suka danna mani kore. Na tare babbansu, wani dattijo mai jan rawani, na ce, "Baba, ba ku kuka ce wurin nan yana da kyau ba?"

Ya ce, "Ai kowa ya san wurin ga, ɗana. Mun ga ka sha wahala ne, ga ka ɗan gida. Ina za mu danna maka ja mu karya maka gwiwa?"

Wai kara suka yi mani. Ko ƙafa ba su taka zuwa filayen ba, a inuwar tasha suka zauna suka danne kore, don kada a ce sun kushe aikin ɗan mutane. Wallahi ƙazantar da ke ƙafata ba ta ba ni ƙyama kamar wannan magana ba. Da sun zage ni tun farko da na gode masu.

Dillalin 'yan kudu ya zo ya tsaya nesa, ya toshe hanci da hula, ya ce ko wanda bai faɗi ba warin ya kama shi, ba za su ɗauka ba. Da azahar motarsu ta tashi muna kallo.

Kawu ya nufi inda kwandunan suka kife. Ya naɗe wando, ya shiga cikin ƙazantar har gwiwa, yana tsamo tumatir ɗaya-ɗaya yana gogewa da rigarsa, ko za a samu na miya. Na cire takalmi zan shiga in taya shi. Ya ɗago ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa.

Ya ce, "A'a, koma inuwa. Riƙe wayarka, kar ta ɓaci."