Takalman Ɗan Majalisa a Ƙofar Zaurenmu

Tun babata tana budurwa mutumin nan yake wakiltarmu a majalisar tarayya. A rediyo kullum maganarsa ɗaya ce, a riƙe gadon iyaye, kada a kawo mana baƙin abu. Dattawan garinmu Maruta suna son sa saboda haka. Mu yara kuwa a jikin bango muka san shi, da jar hularsa da ba ta canzawa.

Shekarar da kakana Malam ya kwanta ciwon ƙafa, zaɓe ya matso, sai aka aiko cewa ɗan majalisar zai zo dubiya. Malam bai taɓa bin jam'iyya ba. 'Ya'yan kowane ɓangare suna karatu a makarantarsa ta allo, shi ya sa take cika.

Ranar da baƙon ya zo ina dawowa daga makaranta, na raɓe a bayan dalbejiya saboda kunyar taro. Daga nan na ga ya cire baƙin takalminsa mai sheƙi a cikin mota, aka miƙa masa wasu tsofaffin takalman fade ya saka. Wani mai kyamara kuma ya riga kowa shiga zaure, yana jan buzun Malam zuwa inda haske yake faɗowa.

Na shiga gida na tsaya kusa da kakata Inna.

"Ke kuma lafiya kika tsaya mini kamar an dasa ki?"

Na raɗa mata abin da na gani. Ta ajiye ludayi.

"Hoto? Wato Malam ya ɗaga hannu yana addu'a, gobe a manna shi a kasuwar Gwaram? Rabin ɗalibansa za a kwashe."

A gidanmu ba a hana baƙo addu'a, ko wane ne. Inna ta leƙa ɗakin Malam suka yi ƙus-ƙus, sannan ta aiki kawuna zaure.

"Ranka ya daɗe, ƙafar ta hana shi fitowa. Ya ce ka shigo, amma kai kaɗai, cikin gida akwai mata."

Ɗan majalisa ya yi murmushi. "Ai haka iyaye suka koya mana." Amma na ga ya waiwayi mai kyamarar kafin ya sunkuya ya shiga.

Ni na kai musu fura. Ɗakin da duhu, baƙon ya durƙusa a ƙasa, Malam yana roƙa masa gamawa lafiya da duniya. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Har yau ban sani ba ko addu'ar ce ta taɓa shi, ko haushi ne.

Ya sake cin zaɓe. Hotunan da aka manna shi kaɗai ne da jar hularsa, ba a kuma cire yaro ko ɗaya daga makarantar Malam ba. Da motarsu za ta tashi ranar dubiyar, ta gilashi na hango shi ya sunkuya yana canza takalmi.