Hannun da Ke Kan Matashi

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aikin gashin ƙashi a asibiti, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini majinyaci zai gaya maka abu biyu a kaina: na iya aiki, amma bakina ba shi da linzami. Ban musa ba. Sunan aikin namu ma yana ruɗin mutane, wasu sukan zo suna waige-waige ko za su ga garwashi. Ainihin abin da muke yi shi ne koya wa hannu ko ƙafa aikin da suka manta bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki, da motsawa da miƙarwa da nacin yau da gobe.

Majinyata ba su cika shan faɗana ba. Masu jinya su ne abokan rigimata. In na ga ƙato ya durƙusa yana ba ubansa kunu a baki alhali tsohon yana iya riƙe ludayi, sai raina ya ɓaci. Nakan ce, "Malam, ba shi ludayin nan. In ya zubar a wanke rigar. Wannan tausayin naka shi zai ƙarasa shi." Na sa matan aure kuka a gaban mazajensu, na kori wani Alhaji daga ɗakina don ya ce mahaifiyarsa ta gaji a ƙyale ta. A unguwarmu cikin birni ma ban bar mutane sun huta ba. Da mun zauna a dakali bayan la'asar sai in fara: a rage gishiri, a riƙa auna jini, mai ɗaukar bokiti ya lanƙwasa gwiwa kada ya sunkuya da baya, masu ɗinki su miƙe su taka bayan kowane ɗan lokaci, wanda ya ajiye tumbi ya bi ni ran Asabar mu taka zuwa gindin dutsen Kufena. Abokaina suna ce mini mai wa'azin ƙashi, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Kowa ya san yadda abin yake a gidaje irin namu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini wasa a gaban mutane ba. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa ɗakinta, taku goma daga na mahaifiyata, amma a can na girma. In mahaifiyata tana son aikena sai ta ce wa iska, "A ce wa na tsohuwa ya sayo zare." Ƙannena suna ce mata Inna, suna hawa gadonta, suna cin sauran tuwonta. Ni Hajiya nake ce mata, kamar baƙo, kuma gaisuwata daga bakin ƙofa take tsayawa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Kunya ce, na san da ita aka haife mu, har alfahari nake yi da cewa ban taɓa keta ta ba.

Sana'arta ɗinkin hula ce. Tun ina yaro nake ganinta a inuwar ɗakinta da allura da zare, kai a sunkuye, kuma 'yan kasuwa har layi suke bi don aikinta. Duk sallah kakata takan miƙo mini sabuwar hula ta ce ga tata gudummawar. Sai da tsohuwar ta rasu, hular ta ci gaba da zuwa ta hannun ƙanwata, sannan na gane daga inda take fitowa.

Wata safiya Hajiya tana alwala buta ta suɓuce mata, ta zame ta jingina da bango, bakinta ya karkace. Hawan jini ne, wanda na yi shekaru ina yi wa mutanen dakali wa'azi a kansa ban taɓa ɗaura mata abin awo a dantse ba. Ɓarin dama ya shanye. Ta yi kwana goma sha a asibitinmu, magana ta dawo, ƙafa ta fara ɗaukarta. Ranar da za a sallame ta ina tsaye a ƙarshen gado na ga babban yatsanta ya motsa, manuni ma ya ɗan bi shi. Duk mai aikinmu ya san wannan albishir ne. Hannun da ya yi haka da wuri, in aka tsaya masa kullum, akwai kyakkyawan zato a kansa.

Akwai wata abokiyar aikina, ni na koya mata aiki lokacin da ta zo sabuwa. Ita ta duba Hajiya a kwanakin nan. Ta same ni ta ce, "Oga, in rubuta mata ranakun zuwa, ko in riƙa biyowa gida in na tashi? Ai hanyata ce."

Na dube ta sama da ƙasa na ce, "Uwar wa za a rubuta wa ranaku? Ni ne fa. A gida zan yi mata, safe da yamma."

Ta ce, "Yi haƙuri, Oga," ta rufe fayil.

Washegari na shiga gidanmu da niyyata. Na wuce zaure, na cire takalmi a ƙofar ɗakinta, na ɗaga labule. Tana zaune a kan gado an jingina ta da bango, ƙanwata, autarmu wadda ta baro gidan mijinta a Tudun Jukun don jinya, tana gefenta. Hannun daman yana kwance a kan matashi, a fili, an naɗe hannun rigar har gwiwar hannu. Abin da ya rage kawai in yi taku uku in zauna a bakin gadon in kama shi. Na kama hannayen mutane sun fi a ƙirga, na tsofaffi da na matan manya, ban taɓa jin ɗar ba. Ranar nan ƙafata ta ƙi. Sai na tsinci kaina a durƙushe a inda na saba.

"Hajiya, ina kwana. Ya ƙarfin jiki?"

Ta kalli bango ta ce, "Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Na fito na yafuto ƙanwata tsakar gida. A hannunta na nuna mata komai: yadda za ta tallafi gwiwar hannu, yadda za ta buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya a hankali, yadda za ta ɗaga kafaɗa ba tare da fizga ba. Na ce kada kowa ya ja Hajiya da hannun da ya shanye in za a tashe ta, a riƙa wanke tafin ana shanyawa, a bar ta ta gwada ɗaukar kofi da kanta. Har zane na yi mata a takarda. Na ce wa kaina yau ɗaya ce, gobe zan shiga.

Haka goben ta yi ta zuwa. Kullum in na ɗaga labule hannun yana kan matashi, ni kuwa sai in yaba wa ƙanwata a raina, in ce yarinyar nan tana bin umarni. In gaishe ta, in fito, in tambaya a tsakar gida, "Ana yi kuwa?" Ta ce, "Ana yi, Yaya." Bayan kamar wata biyu na daina ganin hannun. Mayafi ya rufe shi. Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe ita ma ba ta so, kunyata take ji, in na matsa zan takura mata. Na riƙe wannan hujjar da hannu biyu.

Na san ƙanwata ta daina. Yadda take sunkuyar da kai in ta ce ana yi, irinsa nake gani kullum a wurin aiki, kuma a can ba na ƙyalewa. Daga baya ta gaya mini cewa da ta fara miƙar da yatsun sai Inna ta runtse ido, ita kuma zuciyarta ba za ta iya ba, ga tsoron faɗana. A asibiti kuwa in abokiyar aikina ta tambaya, sai in ce, "Alhamdu lillahi, ana samun ci gaba." Ban yi ƙarya gaba ɗaya ba, don ƙafar ta warware, Hajiya tana zuwa banɗaki da sanda. Da ƙafar nake rufe bakin kowa. Sau da yawa na yi niyyar ce wa abokiyar aikin nan ta zo ta taimake ni, sai in tuna yadda na dube ta sama da ƙasa, in haɗiye maganar. A cikin watannin nan ban fasa yi wa 'ya'yan mutane tsawa ba, har na fi da zafi.

A wata na bakwai da faɗuwar Hajiya, da ƙaramar sallah, abokiyar aikin nan ta zo gaisuwa ba tare da ta sanar da ni ba. Ina zaune a zaure da baƙi ta wuce ciki da ledar lemo. Ita ba 'yar fari ba ce a gidan, babu abin da ya hana ta hawa gado. Ba a jima ba ƙanwata ta leƙo ta ce ana kirana.

Na tarar abokiyar aikina ta yaye mayafin. Hannun ya naɗe ya manne da ƙirji, wuyan hannun ya lanƙwashe, yatsun sun dunƙule sun danne babban yatsan nan da na ga yana motsi. Ta ɗan buɗa su da ƙyar. Farata sun yi tsawo sun huda tafin, wurin ya yi fari ya jiƙe, yana wari. Na san wannan hannun. Shi ne wanda nake nuna wa masu jinya a jikin wasu in ce, ga abin da sakacinku zai jawo.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi mini irin faɗan da na koya mata da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Oga, wa yake yi mata gashin?"

Bakin nan nawa da ba ya mutuwa ya mutu. Ina nan tsaye da sabuwar shadda. Sai na ji muryar Hajiya, a hankali, harshen bai gama sakuwa ba.

"Shi yake yi. Kullum sai ya zo, safe da yamma. Hannun ne ya ƙi."

Abokiyar aikina ta ce, "Allah sarki. Allah ya ba da lafiya, Hajiya." Ta mayar da mayafin, ta yi sallama, ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba. Har ta bar asibitinmu bayan shekaru ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban ƙara iya yi wa mai jinya tsawa in tana kusa ba.

Da ta fita na ce wa ƙanwata ta kawo ruwan ɗumi da sabulu da abin yanke farce, ta ba mu wuri. Na yi takun nan uku. Na zauna a bakin gadon mahaifiyata, karo na farko tun da na yi wayo, na ɗauki hannun. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A gefen manuninta har lokacin akwai kantar allura. Ta juyar da fuska bango, ni ma na sunkuyar da kai, na wanke tafin, na yanke faratan, na fara miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na san yana mata zafi, amma ta daure.

Daga ranar ban ƙara fashi ba har ƙarshen rayuwarta, shekara huɗu. Kafaɗar ta saki, tafin ya warke, yatsun suka buɗe har tana iya dafe kwano da su. Allura kam ba ta ƙara riƙewa ba. Ba zan rantse cewa da na fara da wuri da ta koma ɗinki ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani a matsayina na mai wannan aiki shi ne hannun yana da dama, kuma a watannin da damar take nan ina durƙushe a bakin ƙofa ina tambayar ƙarfin jiki. Hular da take cikin ɗinkawa ranar da ta faɗi tana nan a akwatina, rabi da zare rabi farin yadi.

Wata rana da hantsi, kusan shekara da fara yi mata, ina murza mata yatsu da man zaitun, na yi ƙarfin hali na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Na ga kin rufe hannun ne, na zaci ba kya so in taɓa."

Ta juyar da fuska bango kamar kullum. Sannan ta ce, ba da ni take ba, da bangon take:

"Da fari, in na ji takalminsa a zaure, nakan sa auta ta naɗe mini hannun riga ta ɗora shi a kan matashi. Da na ga gaisuwa kawai yake zuwa yi, sai na ce a rufe, kada ya riƙa gani yana jin nauyi."

Na ci gaba da murza yatsun, daga babba zuwa ƙarami, na sake dawowa, don ban san inda zan sa idona ba.